Magani ya ƙare, zafin fitsari bai ƙare ba: me ya rage a jiki?

A Damagaram ba a faɗin ciwon sanyi da babbar murya. Mai shi yakan jira a sauke shayi na uku a fada, mutane su fara watsewa, sannan ya ja aboki gefe. Ko kuwa ya tsaya a bakin farmasi yana danna waya har layi ya ƙare, ya matsa, ya yi ƙasa da murya. Maganar da ta fi fitowa daga bakinsa ba ta kamuwa ba ce, don ya riga ya wuce wannan wurin. Cewa yake yi: "An yi mini allura, na sha ƙwayoyi, mugunyar ta tsaya, amma har yau in na yi fitsari ina jin raɗaɗi a baki-baki." Amsar da yake samu kuwa kusan kullum ɗaya ce: "Ai bai fita duka ba, sai ka ƙara wani mai ƙarfi."

Wannan amsa tana da daɗin ji, domin tana ba mutum abin yi nan take. Sai dai masu cewa "har yanzu ina ji" ba hali ɗaya suke ciki ba. Wani cutar ta mutu, mikin ne bai gama warkewa ba. Wani ya warke ya sake ɗauka a cikin gidansa. Wani maganin da ya sha ba na ƙwayar da ke jikinsa ba ne. Wani kuma abin da ke damunsa yanzu ba shi da alaƙa da saduwa ko kaɗan. Kafson da aka ƙaro a makance da wuya ya dace da ɗaya daga cikinsu, wasu ma illa yake yi musu.

Rikicin daga sunan ya faro. Kalmar sanyi a bakinmu buhu ce, kowa da abin da yake zubawa ciki: ciwon baya, ciwon mara, ƙaiƙayi, farin ruwa ga mata, saurin kawowa, raunin gaba, rashin haihuwa. Mai maganin da ke ɗaure amsa-kuwwa a kan mota a gefen kasuwar Dole ya san haka sarai, shi ya sa yake jero alamomin da babu baligin da bai taɓa jin ɗaya daga ciki ba. Abin da muke magana a kai ya fi wannan ƙanƙanta. Kumburin bututun fitsari ne, hanyar nan da ke kawo fitsari daga mafitsara zuwa waje, wanda ƙwayar cuta ke haddasawa bayan saduwa. Alamarsa zafi wajen fitsari, ƙaiƙayi daga ciki, da ruwa ko mugunya da ke fita ba tare da mutum ya so ba.

Ƙwayoyi biyu ne suka fi suna a nan. Ta farko gonokok, wadda wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ya gano a 1879. Ita ba ta da kawaici: tsakanin kwana 2 zuwa 7 bayan saduwa sai ga mugunya mai kauri, rawaya-rawaya, tana ɓata wando, fitsari kuma kamar an zuba barkono. Ta biyu kilamidiya, mai tafiyar ruwa. Takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta nuna kanta, ruwanta tsararo ne kaɗan, galibi da safe, kuma sau da yawa ba ta nuna komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sabon kamu miliyan 82 na gonokok da miliyan 129 na kilamidiya a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Ba a ɗaukar su a salga, ba a ɗauka don an tsallake fitsarin wani. Na san abin da ya sa maganar salga ba ta mutuwa: tana rufa asiri, tana ba mutum fuskar zuwa neman magani ba tare da aure ya girgiza ba. Amma tana da tsada, domin wanda ya yarda a salga ya ɗauko ba zai ga dalilin kai matarsa likita ba.

Da yake ƙwayoyin biyu sukan shigo tare, kuma mafi yawan ƙananan cibiyoyin lafiya ba su da na'urar da za ta bambanta su, tsarin da ake bi a irin waɗannan cibiyoyi, da ake kira CSI, shi ne a yi maganin duka biyun a zama ɗaya da zarar an ga mugunya. Gonokok allurar seftiriyakson ake yi mata sau ɗaya. Kilamidiya kuwa ƙwayar doksisiklin ce, miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, ko azitromisin giram ɗaya a sha ɗaya idan akwai dalili, kamar mace mai ciki. Nan ne tarko na farko yake. Allura tana tsayar da mugunya cikin kwana biyu ko uku, mutum ya ga wando ya bushe, ya jefa sauran ƙwayoyin a aljihun riga ya manta. Wani ma allurar kaɗai ya saya, don kuɗinsa iyakarta ke nan, kuma mu mutane ne masu ganin allura ta fi ƙwaya daraja. Bayan mako biyu sai ga ɗan ruwa ya dawo. Shi a ganinsa tsohuwar cutar ce ta farfaɗo, alhali kilamidiya ce da allurar ba ta taɓa ta ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Likitoci sun san wannan tun zamanin penisilin, har suna da suna na musamman da suke kiran kumburin da ke biyo bayan warkewar gonokok.

To, a ɗauka mutum ya sha komai daidai. Ko a hakan ba a ranar da ƙwayar cuta ta mutu zafi yake ɗaukewa ba. Wanda ƙaya ta soka a tafin ƙafa, an cire ta da safe, da yamma har yanzu ɗingishi yake, kuma babu mai cewa a koma a tona neman wata ƙayar. Cikin bututun fitsari fata ce laushi, ta kumbura, ta sassaluɓe, sannan sau biyar ko shida a rana fitsari mai gishiri yana bi ta kanta. Mugunya takan tsaya da wuri, amma ɗan raɗaɗi da ƙaiƙayi suna iya kai mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, suna raguwa a hankali. Abin lura shi ne alkibla: in yau ya fi shekaranjiya sauƙi, jiki na aikinsa ne.

Garinmu kuma yana ƙara wa wannan miki gishiri. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ga azabar ruwa da duk ɗan Zinder ya sani, ga ɗan kabu-kabu da ke wuni a rana yana zufa, ba ya shan ruwa sai shayi mai ɗaci. Fitsarin irin wannan mutum ja ne, kaɗan ne, mai kaifi ne. Ko lafiyayyen bututu yana jinsa, balle wanda ke farfaɗowa. Mutane da yawa da suke neman magani na uku, da za su ninka ruwan da suke sha su rage shayi da yaji na mako guda, da sun ga bambanci.

Akwai kuma ɗabi'ar da ba a cika faɗa ba, wato matsa. Wanda ya taɓa ganin mugunya a jikinsa tsoro ba ya barinsa. Da asuba ya matsa ya duba, bayan kowane fitsari ya matsa ya duba, in ya keɓe ya sake dubawa da fitilar waya. Duk bututun da aka dinga tatsa haka sai ya ba da ɗan danshi, kuma matsar da kanta tana hana kumburi sauka. Ga mu kuma da istibra'i bayan fitsari, wanda malaman fiƙihu suka ce a yi shi a hankali, amma mai waswasi yakan mai da shi murɗa. A nan ilmin makarantar allo da na zaure ya isa ya taimaka. Mun san maziyyi, ruwan nan mai yauƙi da ke fita lokacin sha'awa, mun san wadiyyi, mai kauri da kan biyo bayan fitsari ko yunƙurin bayan gida. Duka biyun na lafiyayyen jiki ne, kuma sun kasance tare da mutum tun kafin ya kamu, bai dai taɓa sa musu ido ba ne. Bayan ciwo sai kowane ɗigo ya zama abin tuhuma. Wasu har suna ɗura abubuwa a ciki, ruwan kanwa, lemun tsami, sabulu, ko maganin wanke miki, su ƙone wurin da hannunsu sannan su ce cutar ta ƙi ji.

Amma dalilin da na fi ganin nauyinsa, wanda kuma aka fi kauce wa, shi ne matar gida. A bututun namiji waɗannan ƙwayoyi suna da hayaniya, a bakin mahaifar mace kuwa galibi shiru suke zama. Mafi yawan matan da ke ɗauke da kilamidiya ba su jin komai, haka da yawa daga masu gonokok. Sai a yi tunanin ɗan ci-rani da ya dawo daga Libiya ko Agadez, ko direban da ke bin hanyar Kano ta Matamaye. Ya iso gida, ya kwana biyu da iyali kafin alama ta fito. Da ta fito ya lallaɓa ya yi allura a wata unguwa inda ba a san shi ba, ya sha ƙwayoyinsa tsaf, ya warke. Daren da ya koma ɗakin matarsa ya karɓo abin da ya ba ta ajiya. Jiki ba ya riƙe kariya daga waɗannan cututtuka kamar yadda yake yi da ƙyanda. Ana iya kamuwa sau goma. In gidan mai mata biyu ne ko uku, to rabon kwana da kansa ya zama hanyar yawon ƙwayar: daga ɗakin uwargida zuwa na amarya, ta zagayo. Maigida zai yi ta sauya magani yana zagin ingancinsa, alhali maganin ya yi aikinsa sau uku.

Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci. Duk wadda aka sadu da ita cikin kwana 60 kafin alama ta fito sai an yi mata magani, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, kuma a lokaci ɗaya da mijin. Sannan a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan allura ko maganin sha ɗaya, ko har a gama ƙwayoyin kwana 7, kuma har kowa ya gama nasa. Faɗar wannan a takarda ba wuya. Wuyar tana ga mutumin da zai zauna ya ce wa matarsa, "Hajiya, gobe za mu je likita tare," ya kuma jure tambayar da za ta biyo baya. Wasu suna zagayewa, su sayo kafso su miƙa mata su ce maganin sanyi ne, sha. Wannan ya fi shiru, amma ba a san ko tana da ciki ba, kuma doksisiklin ba na mai ciki ba ne. Ba a duba ko cutar ta riga ta haura ba. Ita ce kuma mai babbar asara. A jikin mace ƙwayar tana hawa zuwa mahaifa da bututun ƙwai, ta bar tabo ya toshe hanya, sai rashin haihuwa, ko ciki a wajen mahaifa wanda kan fashe ya kashe. Jaririn da aka haifa ta hanyar da ke da gonokok yana iya tashi da idanu cike da mugunya a makon farko, in ba a hanzarta ba ya makance. Sau nawa aka ɗora wa mace laifin rashin haihuwa, aka yi mata kishiya a kan haka, alhali asalin abin wata tafiya ce da maigida ya yi shekaru biyar baya?

Sai maganar maganin kansa. Wanda kunya ta hana shi zuwa CSI wurin mai tebur yake ƙarewa, ko yaron da ke yawo da magunguna a faranti cikin rana tsaka. A can ba takardar magani ake tambaya ba, aljihu ake tambaya: na nawa za a ba ka? Sai a ƙirgo kafso huɗu masu ja da rawaya, a haɗa da wani farin da ba a san sunansa ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci, ga kuma abin da rana ke yi wa ƙwayar da ta wuni a faranti. Ko magani mai kyau ne, yadda aka sha shi yana da tasiri. Doksisiklin da siprofuloksasin suna ɗaurewa da sinadarin da ke cikin nono, da maganin ƙarin jini, da na gyambon ciki, sai abin da ke shiga jini ya ragu. Wanda ke kora ƙwayarsa da fura da nono ya rage mata ƙarfi bai sani ba. A bar tazarar awa biyu tsakani, a sha da ruwa cike da kofi, kada a kwanta nan take don tana ƙona maƙoshi. Wanda kuma ya yi amai jim kaɗan bayan shan maganin sha ɗaya, ya koma ya faɗa, don ƙila bai shiga ba.

Irin wannan shan rabi-da-rabi shi ne makarantar da gonokok ta yi karatu. Tarihinta da magunguna tarihin kora ne. Magungunan sulfa sun yi aiki a shekarun 1930, ba su daɗe ba ta bijire. Penisilin ya zo a shekarun 1940 ya yi shekaru yana cin kasuwa, ana ta ƙara yawansa, har 1976 da aka ga irin da ke narkar da penisilin ɗin kansa, ɗaya daga cikin jinsunan ma Afirka ta Yamma aka danganta shi da ita. Tetrasiklin ya bi sahu. Sipro, wato siprofuloksasin, wanda har yau shi ne abin da ake fara miƙa wa mai zafin fitsari a wurare da dama, Amurka ta cire shi daga maganin gonokok tun 2007. Seftiriyakson ne ya rage a matsayin abin dogaro, shi ma ana ta ɗaga awonsa: miligiram 250 ne a da, Amurka ta mai da shi 500 a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kai shi giram ɗaya a 2024. An riga an ga irin da ya gagare shi a Japan a 2009, a 2018 kuma an samu wani mutum a Ingila da ƙwayarsa ta bijire masa ta bijire wa azitromisin gaba ɗaya. Duk da haka a yi adalci: wanda aka yi wa cikakkiyar allurar seftiriyakson ta gaskiya, bijirewa ita ce abu na ƙarshe da za a zarga. Wanda sipro ko amoksisilin ko kafson tebur ya sha, shi kam mai yiwuwa ne gonokok ɗinsa tana nan da ranta, ta dai lafa.

Akwai kuma waɗanda suka yi komai bisa ƙa'ida, matansu ma sun sha, amma bayan mako uku ruwa na nan. A kumburin da ba na gonokok ba, kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin alama bayan maganin farko, kuma a nan ƙwayoyi biyu ne ake fara tuhuma. Ɗaya mikoplasma jenitaliyum, wadda sai a farkon shekarun 1980 aka gano ta a jikin wasu maza a Landan. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ba ta da bangon nan na waje da sauran bakteriya suke da shi. Penisilin da amoksisilin da seftiriyakson duk bangon suke rushewa, saboda haka a wurinta kamar ruwa ne. Doksisiklin yana rage yawanta, amma bai cika kawar da ita ba sai a kusan kashi ɗaya cikin uku. Azitromisin giram ɗaya a sha ɗaya, in bai kashe ta ba, koya mata bijirewa yake, shi ya sa maimaita shi sau biyu sau uku kuskure ne. Abin da ya rage mata shi ne moksifuloksasin na kwana 7, maganin da ba na wasa ba ne. Yana iya taɓa jijiyar agara da bugun zuciya, kuma danginsa suna cikin ginshiƙan maganin tarin fuka mai taurin kai. Ƙasar da ke fama da tarin fuka ba ta da halin barin irin wannan magani ya zama abin saye a tebur.

Ɗayar kuma tirikomonas, wadda ba bakteriya ba ce ma, wata ƴar halitta ce mai iyo da gashi, kuma ta fi duka yawa: miliyan 156 a ƙiyasin 2020 ɗin nan. A mata tana kawo ruwa mai kumfa da wari da ƙaiƙayi, a maza sau da yawa ɗan raɗaɗi kawai. Babu ɗaya daga magungunan da aka ambata da ke taɓa ta. Maganinta metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, mai araha da ke kowace farmasi. Mutum na iya kashe jaka goma yana bin manyan magunguna alhali ƙaramin ne bai sha ba. Shi ma dai sai an sha tare da iyali.

Sannan ga abubuwan da suka ari rigar sanyi. Wanda ya tashi yana wanka a tapki, a cikin gari ko a ƙauyukan wajen Mirriya da Magariya, yana iya ɗauke da tsargiya shekara da shekaru. Alamarta jini a ƙarshen fitsari da zafi, maganinta kuma prazikantel, ba antibiyotik ba. Tsakuwar ƙoda da ta mafitsara, wadda zafi da ƙarancin ruwa ke haifarwa, tana kawo raɗaɗi har bakin gaba. Ciwon suga yana kawo yawan fitsari da ƙaiƙayi. Dattijon da ya wuce hamsin yana tashi sau huɗu da dare, a duba furostat ɗinsa, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Wanda kuma ya yi ta kamuwa da gonokok yana jinkirin magani, ciki yakan yi tabo ya tsuke. Sai fitsari ya sirance, ya rabu biyu, ya dinga ɗiga bayan an gama. Tabo ba ƙwayar cuta ba ne, duk kafson duniya ba zai buɗe shi ba. Aikin likitan mafitsara ne, irin wanda ake tura mutum babbar likita dominsa.

To yaushe ake komawa? In bayan kwana 7 da gama magani mugunya tana fita a fili, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya tafi ya dawo, a koma inda aka fara, da takardar maganin farko ko kwalayensa a hannu. A je da safe, a riƙe fitsari aƙalla awa biyu, in da hali ma tun na dare, domin fitsari yana wanke shaidar da ake nema. Ma'aikacin lafiya mai lura zai fara da tambaya kafin ya ɗauki biro: Ka sha duka? Ina ka saya? Iyali sun sha? Ka sadu da wata tun daga lokacin? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amsar ƙarya ga tambaya ta uku da ta huɗu ita ce ke sa a rubuta wa mutum magani mai tsada da ba ya bukata. Bayan haka sai a duba da ido, a ɗauki ruwan a shafa a gilashi a leƙa a madubin labo, ko a auna farkon fitsari a ga ko akwai ƙwayoyin mugunya. A wannan zuwan ne ya kamata a yi awon sida da na tunjere in ba a yi ba, tunda hanyar shigowarsu ɗaya ce. Wanda kuma ya samu damar yin awon zamani mai neman tsatson ƙwayar, ya sani gawar kilamidiya tana iya bayyana a awon har mako uku zuwa huɗu bayan ta mutu. Gaggawar maimaita shi tana tayar da hankali a banza.

Wasu alamun ba sa jira. Maraina ya kumbura yana ciwo, zazzaɓi da ciwon mara, fitsari ya ƙi fita sam, gwiwa ko idon sawu ya kumbura tare da jan ido, ko mace mai ciwon mara mai tsanani musamman in al'adarta ta yi jinkiri. Waɗannan a ranar ake tafiya.

Akwai saura, kuma su ne suka fi ba ni tausayi. An duba ba mugunya, fitsari fes, iyali sun sha, an rufe ƙofar mikoplasma da tirikomonas, amma mutum yana jin nauyi tsakanin maraina da dubura, da wani motsi a bakin gaba mai zuwa yana tafiya, ya fi tsanani in ya daɗe a kan babur ko ransa ya ɓaci. In ya wuce wata uku, likitoci suna kiransa daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Ba ƙarya mutum yake ba, zafin na gaske ne, amma tushensa jijiyoyi ne da suka saba kai ƙara, da naman ƙasan ƙugu da ya ɗaure saboda watanni na fargaba. Nadama ma tana da nata kaso. Wanda yake ganin abin da ya same shi sakayya ce kan zunubi ba ya saurin yarda cewa ya warke. Irin wannan ba ya yaɗa komai ga matarsa. Abin da ke taimaka masa ruwa ne, da zama cikin ruwan ɗumi, da rage zaman babur, da barin matsa, da maganin rage zafi ko na sassauta hanyar fitsari in likita ya ga dama, da kuma wanda zai zauna ya yi masa bayani ba cikin gaggawa ba. Antibiyotik na biyar zawo kawai zai ƙara masa, ya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, ya horar da waɗanda suka tsira.

Wannan ne wuri mafi wuya ga ma'aikacin lafiya a garinmu, domin majinyacin da aka sallama hannu rabbana gani yake an raina shi. Zai ce, "Likita, ko ƴar allura ba za a yi mini ba?" In aka ce a'a, mai tebur yana bakin ƙofa kuma shi ba ya cewa a'a. Abin da ya dace a ba shi ya fita da shi shi ne rana: a rubuta masa a takarda ya dawo bayan mako biyu a ga inda zafin ya nufa, sannan ya sake dawowa bayan wata uku da maganin farko a sake awo, shi da iyalinsa, saboda a cikin watannin nan ne sake kamuwa ya fi yawa.